Kurakuran da aka fi yi a kan Jack Broughton, zakaran damben Ingila

Na gaji da ganin samari masu rubuta tarihin dambe suna tafka kuskure iri ɗaya a kan Jack Broughton, zakaran Ingila a zamanin da ake naushi da tsurar hannu.

Mafi muni shi ne batun turmi. Sai yaro ya karanta cewa an yi turmi arba'in, ya buga lissafin minti uku-uku, ya ce awa biyu aka yi ana jibgar juna. Ni ma na taɓa afkawa wannan rami. Na kai wa wata jarida rubutu da irin wannan lissafi, edita ya dawo min da shi ana gobe za a buga, ko sisi ban samu ba, kuma bai sake nemana ba sai bayan watanni. A dokokin da Broughton ya fitar a 1743, turmi ba ya ƙarewa sai wani ya kai ƙasa, ko da naushi ko da kayarwa, don an yarda a kama mutum daga ƙugu zuwa sama. Wanda ya faɗi yana da daƙiƙa 30 ya dawo tsakiyar fage. In ya kasa, an ci shi. Minti uku na dokokin Queensberry ne, na 1867. Tun daga ranar da editan ya dawo min da rubutun, ba na rubuta kalmar turmi sai na duba shekarar karawar.

Wani kuskuren shi ne a ce da safar dambe Broughton ke karawa. Safar dambe ɗalibansa 'ya'yan masu hannu da shuni ya sa wa lokacin koyo. Ba a shiga fage da ita.

Kuma don Allah ku daina ce masa zakaran farko. James Figg ya riga shi.

Sai masu mai da shi ɗan ƙarfin tuwo. Haba! Ƙarfi kam akwai, matuƙin kwalekwale ne a kogin Thames, har ya ci tseren kwalekwale na Doggett a 1730. Amma da kare naushi ya yi suna, da kuma dukan ciki, daidai bakin ƙirji. Mai hannu tsirara in ya dage da dukan ƙoƙon kai, yatsunsa zai karya. Shi ya sa in na ga an rubuta "ya yi ta ruwan naushi a ka", nake ajiye takardar.

Karawarsa ta 1750 da Jack Slack ma ana ɓata ta. Slack mahauci ne daga Norwich (ka ji, can ma mahauta da dambe). Ba dukan kawo wuƙa ya yi wa Broughton ba. Broughton ne ke kan gaba, sai naushi ɗaya ya same shi tsakanin idanu, suka kumbura ya daina gani, cikin minti 14 aka tashi. Ubangidansa, Duke na Cumberland, ya yi asarar dubban fam a caca, ya juya masa baya. Broughton ya rasu a 1789.