Yadda za ku gyara tsakar gida da ɗan lambunku kafin baƙin hutu su iso Legas

Jama'a barkanmu da war haka. Dogon hutun makaranta ya matso, kuma duk mazaunin Legas ya san abin da ke biyo baya, 'yan uwa daga Kano da Katsina da Sakkwato za su fara bugo waya gamu nan tafe da yara, ga suna ga walima ga taron zumunci na ƙarshen wata, falo kuwa ba zai ɗauki mutane ba dole sai an fito tsakar gida ko ɗan filin baya inda aka yi shuke-shuke.

Toh ku tuna lokacin hutun nan a Legas tsakiyar damina ce. Yuni da Yuli ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sai cikin Agusta yake ɗan tsagaitawa kafin ya dawo a Satumba. Don haka kar ku fara da sayen fulawa da fitilu masu kala, ku fara da ruwa, domin shi ne zai gyara muku zaman ko ya ɓata shi.

Ranar da aka yi ruwa ku fita bayan ya ɗauke ku duba ina da ina ya kwanta. Inda ya taru a cike da yashi ko tsakuwa, kwatar da ta toshe da leda da robar ruwa a yashe ta har bakin get, in gidan haya ne ku haɗa kai da maƙwabta don kwata ɗaya ce, ka gyara naka ɓangaren na gaba ya toshe ruwan kanka zai dawo. Sai ku bi duk abin da ke riƙe ruwa, tsohuwar taya, gwangwanin madara, bokitin da ya fashe, har farantin da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fulawa, a kife ko a zubar. Duro da tanki a rufe. A irin ɗumin nan sauro daga ƙwai zuwa ya tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana 10 ba, shi ya sa nake cewa a fara aikin nan sati 2 kafin ranar, ba ana gobe taro ba. Kuma don Allah ku yi shi da gaske, baƙonku ya zo hutu da ƙananan yara bai kamata ya koma gida da zazzaɓi ba.

Abin da mutane suke mantawa shi ne gansakuka. Siminti da intalok a Legas kore suke yi da damina, santsi kuwa ba a magana, ga tsofaffi ga masu ciki ga yara suna guje-guje. A samu buroshi mai tauri da omo da ɗan Hypo a goge, amma a kora ruwan wankin zuwa kwata kar ya bi ta gindin shuka zai ƙona ta.

Yanzu sai shukar kanta. Ciyawar da ta yi tsawo a sare don nan ɓera da maciji ke fakewa, rassan da suka sauko a rage su iska ta samu hanya, busassun ganyen gwanda da ayaba a cire. In kuna son wajen ya yi kore shar ba sai an kashe kuɗi da yawa ba, alayyahu cikin sati 3 zuwa 4 ya isa tsinka, na'a-na'a da ɗoɗɗoya kuwa reshe kawai za ku tsinko ku dasa su kama. Wanda gidansa duk siminti ne ya yi a buhu ko tsohon bokiti, a huda ƙasan sosai, a nan yawan ruwa ne ke ruɓar da saiwa ba ƙishi ba, sannan a ɗora kan bulo saboda dodon koɗi da ke cinye ƙananan tsiro da dare. Taki kuma sai wanda ya ruɓe ya bushe. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu daf da taro wari ne da ƙuda kawai zai tara muku. Masu sayar da fulawa a bakin titi suna da kaya masu kyau, ku tambaye su wacce ke son inuwa wacce ke son rana, ku saya da wuri ta saba da wajen.

Ana yawan cewa a dasa ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami tana korar sauro. Ni dai ku dasa ta don shayi, tana tsaye a tukunya ba ta hana sauro cizo. Abin da ke aiki shi ne fanka, sauro ba ya iya tashi cikin iska mai ƙarfi, fanka mai caji guda biyu a gefen masu zama ta fi muku, sai maganin sauro na kunnawa a can nesa da abinci.

Wajen zama kuma a samu rumfa ko kanofi ko da sama ta yi garau da safe, hadarin Legas ba ya sallama. A shimfiɗa leda ko tamfol kafin tabarma da darduma don ƙasa na riƙe da danshi. A ware ɓangaren mata da labule ko jerin tukwanen shuka masu tsawo su sake su ci abinci hankali kwance. Wajen alwala ku yi shi kusa da gindin zogale ko ayaba da ɗan dakali da butoci, ruwan ya tafi wa shuka ba ya kwanta a hanya ba. Wajen sallah a share tun da wuri, alƙibla daga Legas gabas ce ta karkata arewa, a duba da manhajar waya a sa alama kar a yi ta gardama an kira magariba.

In za a gasa nama, da damina iska daga teku take tasowa wato kudu maso yamma, sai a kai murhun gawayi ɗaya ɓangaren hayaƙi ya wuce ba ya bi ta kan baƙi ba. Janareta ma haka, a fili nesa da mutane da tagogi, kar a taɓa shigo da shi lungu ko ƙarƙashin rumfa wai don ruwa, hayaƙinsa kisa yake yi. Wayar wuta a ɗaga ta sama. Fitilar sola guda uku ko huɗu ta wadatar.

Cefanen tumatur da tattasai da albasa a yi sammakon kasuwar Mile 12, nama kuma waɗanda ke kusa da Agege ga mayankar Oko-Oba nan. Zoɓo da kunun aya a kula da ƙanƙara, musamman kunun aya da ba ya jure ɗumi, 'yan awanni ya yi tsami. Ku tuna tun Janairun 2024 gwamnatin jihar Legas ta hana farin tekawe ɗin nan na soso, ku fito da faranti da tire na gida ko ku ara a maƙwabta.

Maƙwabtan ma a sanar da su da mai gidan haya tun kwana biyu kafin nan, Bayarabe ne ko Ibo, a faɗa musu lokacin tashi, a gyara inda za a ajiye motoci kar a tare wa kowa get, in an sauke abinci a aika musu nasu. Shara kuma a ajiye manyan leda biyu tun farko, ɗaya ta robobi ɗaya ta ragowar abinci, a ɗaure a daren a sa a mazubi mai murfi har motar kwasar shara ta zo, in ya kwana a buɗe ɓeraye za su watsa shi cikin shukar.