Yadda ake raba manhajar gwaji wadda ba sai an girka ta ba

Manhajar da tushenta, wato rubutun umarnin da aka gina ta da shi, yake a buɗe ga kowa, kafin a sake ta sai ta bi ta hannun masu gwaji. Abin da ya fi musu sauƙi shi ne a ba su zip su kwance, su danna ta tashi, ko daga filashi ne.

Da farko ka tara duk abin da take buƙata a folda ɗaya. A Windows, in da Qt, kayan aikin gina manhaja, aka gina ta, umarnin windeployqt zai kwaso fayilolin DLL da take dogaro da su ya jera su kusa da exe, fayil ɗin da ake dannawa ta tashi. A Linux ka yi AppImage, fayil ɗaya da ya ƙunshi manhajar da kayanta, amma ka gina a kan tsohon Ubuntu, don wadda aka haɗa da sabuwar glibc, ginshiƙin da manhajojin Linux suke dogaro da shi, ba ta tashi a tsohon tsari.

Saituna su ne inda ake yin ɓarna. Idan manhajar gwajin tana rubutu a AppData, foldar da manhajoji suke ajiye saitunansu a Windows, za ta taka saitunan wadda mutum ya girka yake cin abinci da ita, kuma tsohuwar ba lalle ta iya karanta abin da sabuwar ta canza ba. Ka sa ta riƙa ajiye komai a cikin foldarta.

Sai ka gwada a kwamfutar da ba a taɓa gina komai a kanta ba. Taka maƙaryaciya ce, komai akwai a cikinta. A ta wani ne za ka ga an ce babu VCRUNTIME140.dll, fayil ɗin Microsoft da manhajoji da yawa suke buƙata.

Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata da lambar shaidar tushen da aka gina, wadda umarnin git rev-parse --short HEAD yake bayarwa. In ba haka ba, za a kawo ƙorafi a rasa kan wane gini ake magana. Ka haɗa da lasisi da adireshin tushen, in lasisin manhajar GPL ne, ya wajabta hakan.

Wajen rabawa, GitHub Releases, sashen sakin manhaja na shafin GitHub, ya fi, da alamar cewa ta gwaji ce. Gmail ba ya karɓar exe ko a cikin zip. A Kano kuwa, saboda tsadar data, mutum ɗaya ne zai sauke, sauran su karɓa ta filashi ko Xender, daga ɗaliban Jami'ar Bayero har masu gyara a kasuwar waya ta Farm Centre. Filashin da ya zaga shaguna da wuya ya dawo babu ƙwayar cuta, don haka ka wallafa lambar SHA-256, wadda take sauyawa da zarar an canza wani abu a fayil ɗin, kowa ya gwada tasa da certutil -hashfile sunan fayil SHA256. Ko harafi ɗaya ya saɓa, a goge a sake karɓa.