Yadda za ka sa cajin wayarka ya kai ka dare

Babu abin da ya kai fuskar waya shan caji, don haka daga nan ake fara gyara. Ka ja yatsa daga sama zuwa ƙasa, za ka ga layin haske. A cikin ɗaki kashi 30 zuwa 40 ya wadatar, sai in ka fita rana ka ƙara. Daga nan ka shiga Settings, ka taɓa Display, ka sa fuskar ta riƙa mutuwa da kanta bayan daƙiƙa 30. Idan wayar tana kan 90Hz ko 120Hz, wato yawan sabunta hoton da fuskar ke yi a kowace daƙiƙa, kamar yawancin Infinix da Redmi na yanzu, ka mayar da ita 60Hz. Jan shafi zai ɗan rage santsi, amma ido ba ya daɗewa bai saba ba.

Baƙin launi, wato Dark mode, a fuskar AMOLED yake amfani, irin fuskar da kowane ɗigonta ke ba da nasa hasken, domin duk wurin da ya yi baƙi a kashe yake. A fuskar LCD, irin ta yawancin itel da ƙananan Tecno, fitilar da ke haskaka fuskar daga bayanta na ci ko da wane launi ne, ba wani rangwamen kirki za ka samu ba.

Na biyu shi ne sabis, kuma shi mutane suka fi mantawa. Inda sabis ya yi rauni, waya tana ƙara ƙarfi wajen neman sa, har ka ji bayanta ya yi ɗumi alhali a aljihu take. Mai layi biyu wahalarsa biyu ce. Idan ɗayan layin ba ya kamawa a garinku, ka kashe shi a saitin SIM. A doguwar tafiyar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ka sa alamar jirgi har ku shiga gari. Hotspot da Location ma a kashe su in an gama.

Sai tsarin tattalin caji, Battery saver ko Power saving, yana cikin Battery. Yana rage gudun waya, yana hana manhajoji aiki a ɓoye. A iPhone sunansa Low Power Mode, wayar da kanta take tambayarka in caji ya sauko kashi 20. Ranar da ba wuta, kada ka jira 20, ka kunna tun da safe. Sai dai yana da illa: saƙon WhatsApp ko sanarwar shigar kuɗi na iya makara. Mai sana'a da ke da wayar Android ya danne alamar manhajar, ya shiga App info, sannan Battery, ya cire mata takunkumi. Ita kaɗai, ba duka ba.

Manhajojin da ke cewa suna wanke waya su ƙara ƙarfin batir, ka goge su, talla suke jawowa suna cin data da caji. Yawan rufe manhajoji ma ba ya taimakawa, buɗe su daga farko ya fi ci.

Zafi kuwa batirin kansa yake tsufarwa, musamman in ya haura digiri 35, abin da ba wuya a watan Afrilu. Kada a yi caji a ƙarƙashin matashin kai ko a gaban gilashin mota, kada kuma a yi wasan gem waya na jone. Tsakanin kashi 20 da 80 batir ya fi daɗewa. Idan murfin baya ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura: ka daina caji, ka kai wa mai gyara ya canza shi.