Yadda ake fitar da kan kifi da jakar iskarsa zuwa kasuwannin waje

Abin da ke saura bayan an yanke tsokar kifi, wato kai da wutsiya da jakar iskar da ke cikinsa, kowanne da tasa kasuwar, saboda haka wanda zai shiga wannan ciniki ya fara da neman mai saye kafin ya tara kaya. Busassun kawunan kifin kod na Norway da Iceland galibinsu Najeriya suke nufa. Jakar iska kuwa babbar kasuwarta ƙasar Sin ce, Hong Kong kuma ita ce zangonta, musamman unguwar Sheung Wan. Uganda da Kenya da Tanzaniya suna fitar da ta giwan ruwan Tafkin Victoria, wadda kilo ɗaya nata busasshe yakan ninka kuɗin kilon tsokar kifin nesa ba kusa ba.

A ganina, aikin sa'o'in farko shi ne yake yanke farashin jakar iska. Da zarar an farke cikin kifin, a zare ta da hannu a hankali, kada wuƙa ta huda ta. A wanke da ruwan sanyi mai tsabta, a kankare kitse da jijiyoyin jini, domin kitsen da aka bari shi ne yake sa ta wari bayan ta bushe. Sannan a shanya ta a kan raga inda iska ke kaɗawa, nesa da ƙasa da hayaƙi. Mai saye yakan ɗaga guda ɗaya ya haska ta da fitila: idan launinta ya fito kamar zuma, babu tabon jini, ta yi kauri kuma ta bushe ƙarau, ta shiga sahun farko. Kada a haɗa manya da ƙanana a buhu ɗaya, saboda ana sa farashi ne bisa girma, kuma kayan da aka cakuɗa da kuɗin ƙananan ake taya su.

Kawuna da wutsiyoyi ba su kai haka wuya ba. A cire sassan numfashin da ke gefen kai da jini, sannan ko dai a busar da su sarai, ko a daskarar da su a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sanyin kuma kada ya yanke har kwantena ta isa.

Sai maganar takardu, inda sababbin shiga suka fi yin tuntuɓe. A jadawalin kwastan na duniya, kai da wutsiya da jakar iska busassu, ko masu gishiri, ko ƙyafaffu, suna ƙarƙashin lamba 0305.72, daskararru kuma lambarsu daban ce. Ana buƙatar takardar lafiyar kaya daga hukumar ƙasar da aka sarrafa su. Tarayyar Turai, tun daga 2010, tana neman shaidar cewa kifin teku an kama shi bisa ƙa'ida, ƙasar Sin kuma tun 1 ga Janairun 2022 ta wajabta wa masana'antun abinci na waje yin rajista da hukumar kwastanta. A rubuta sunan kifin na kimiyya a kowace takarda, domin akwai irin da taɓa shi laifi ne: totoaba na Tekun Kalifoniya a Meksiko yana cikin rukunin farko (na waɗanda aka fi tsananta kariyarsu) na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, kuma ragar masu farautar jakarsa ta kusa ƙarar da vaquita, wata ƙaramar dabbar ruwa ta yankin.

Kafin babban lodi, a aika samfur, a rubuta yarjejeniya kan girma da bushewa da wanda zai biya kuɗin jirgi da inshora. Ga sabon abokin ciniki, biya ta takardar lamunin banki, wato wadda bankin mai saye yake ɗaukar alkawarin biya da ita, ya fi aminci. A kuma sake auna busasshen kaya ranar lodi, tunda nauyinsa yana sauyawa da laimar iska.