Yadda ake binciken harbuwar rauni bayan tiyatar ciki

Likitan da ke neman ƙwarewa a fannin tiyata a nan Zariya, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma zai bi ko ta kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas, dole ne wata rana ya rubuta kundin bincike. Da yawa sukan zaɓi harbuwar rauni bayan an buɗe ciki, wato ƙwayoyin cuta su kama wurin da aka yanka, domin marasa lafiya ba sa yankewa: hanjin da taifot ya huda, apendis da ya fashe, kaba da ta shaƙe, toshewar hanji. Zaɓin ba shi da laifi. Abin da ke kashe irin wannan bincike shi ne ranar da aka sallami majinyaci ya koma gida, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Fara da ƙuntata tambayarka. "Matsalolin da ke biyo bayan tiyatar ciki" ba tambaya ba ce, kogi ne. Ka ce: kashi nawa ne na manya da aka buɗe wa ciki cikin gaggawa rauninsu ke harbuwa cikin kwana 30, kuma me ya bambanta su da waɗanda nasu bai harbu ba? Kada ka gwamutsa yara da manya, ko aikin gaggawa da wanda aka sa wa rana, sai in kana da adadin da zai isa ka raba su daga baya.

Sai ma'anar harbuwa. Ɗauki ta CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ka rubuta ta a bayan fom ɗinka, kowa ya yi aiki da ita. Ta raba harbuwa gida uku: ta sama, wadda ta tsaya a fata da kitsen ƙarƙashinta, mai zurfi, wadda ta kai tantanin da aka ɗinke da tsoka, sai ta cikin ciki kanta, kamar tarin mugunya a ƙarƙashin hanta ko a mara. Wa'adin kwana 30 ne daga ranar aiki, ana kai shi kwana 90 ga mai zurfi da ta cikin ciki a wasu ayyukan, irin gyaran kaba. 'Yar mugunyar da ta tsaya a ramin zaren ɗinki ba a lissafa ta. Idan ba ka faɗi haka tun farko ba, wani zai ga ja kaɗan ya rubuta harbuwa, wani kuma sai rauni ya wangale kafin ya yarda.

Adadin mutanen da binciken ke bukata kuwa, lissafin da aka saba shi ne a ninka 1.96 da kansa, a ninka da kason harbuwar da ake tsammani da kuma ragowarsa daga ɗari, a raba da kuskuren da aka yarda da shi bayan shi ma an ninka shi da kansa. In ka sa kashi 50 da kuskuren kashi 5, za ka sami 384. In binciken baya a wuri mai kama da naka ya sa ka ɗauki kashi 20, za ka sami 246, kuma da tanadin kashi 10 na waɗanda za su ɓace sai ya koma 274. Kafin ka rubuta wannan adadi, je ka buɗe rajistar ɗakin tiyata ka ƙirga irin aikin nan na shekarar da ta wuce. In 12 ake yi a wata, kana maganar kusan shekara biyu ke nan, ban da yajin aiki. Gara ka sani yanzu.

Ba a taɓa majinyaci ko ɗaya kafin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike ta fito, kuma ba a mayar da kwanan wata baya. Takardar neman yarda a fassara ta da Hausa mai sauƙi, a sa wani daban ya mayar da ita Turanci don a ga ko ma'ana ta zame. Wanda bai karanta boko ba a karanta masa gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, ya dangwala yatsa. Wanda ya zo a galabaice da hujewar hanji ba ya cikin halin fahimtar komai. A nemi yardar waliyyinsa, in ya farfaɗo a sake neman tasa. A gaya masa a fili cewa in ya ƙi, ba abin da zai ragu a jinyarsa.

Fom kada ya wuce shafi biyu. Mai shafi shida ba wanda zai cika shi da ƙarfe uku na dare. Abubuwan da ba a bari: shekaru, kwana nawa ciwon ya yi kafin a iso asibiti, yawan jini, sukari, matakin ASA (ma'aunin ƙarfin lafiyar majinyaci kafin aiki) da mai ba da maganin barci ya sa, ajin raunin daga cikin huɗu (mai tsabta, mai tsabta da ɗan gurɓata, gurɓatacce, mai datti), minti nawa daga yanka zuwa ɗinkin ƙarshe, irin zaren da aka rufe ciki da shi, da ko an bar fata a buɗe. Lokacin da aka ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a rubuta shi da awa da minti, tare da lokacin yanka, saboda abin da ake so shi ne ya shiga jini cikin awa ɗaya kafin wuƙa. "An bayar" kawai ba ta da amfani. A cika wannan sashe a ɗakin tiyata. Wanda ya ce zai ɗebo daga fayil daga baya zai tarar da rabi babu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Harbuwar rauni ta fi bayyana tsakanin kwana na 5 da na 10. Wanda aka cire wa apendis ba tare da matsala ba, kwana uku ko huɗu ya tafi gida. Raunin zai yi ruwa ne a Giwa ko Soba ko Maƙarfi, a wanke masa a kyamis ko ƙaramin asibitin garinsu, kai kuma fom ɗinka na cewa lafiya lau. Ɗauki misali: mutum 100, ka ga 15 sun harbu a kan gado, 30 ba su dawo ba. In ka rubuta kashi 15, ka yanke hukunci ke nan cewa duk talatin ɗin nan sun warke, alhali ba ka sani ba. Wasu ba su dawo ba don sun warke, wasu don babu kuɗin mota, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa.

Maganin wannan tun ranar kwantarwa ake fara shi. Karɓi lambar waya uku: ta majinyaci, ta mai jinya, da ta wani da ba gida ɗaya suke ba, ɗan'uwa ko maƙwabci. Kira kowace a nan take ka ji ta yi ƙara, don lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa ta ɓatar da mutum. Matan aure da yawa wayar maigida ce, saboda haka ka yi magana da shi tun yana asibiti, ya san muryarka, ya adana lambarka. Rubuta sunan da aka san mutum da shi a gari da sunan unguwarsa. Sunan da ke kan kati sau tari ba shi ake kiransa da shi ba. Ware layi guda don binciken kaɗai, ka sa kuɗin kati a kasafinka, da ɗan kuɗin mota na dawowa in kwamiti ya amince. Wannan ya fi duk abin da za ka kashe wajen buga kundi amfani.

Duba rauni a kwana na 3, na 5, na 7 da ranar sallama, sannan na 14 da na 30. Haɗa ranar 14 da zuwan asibiti na yau da kullum don kada a yi tafiya biyu. Guji ranar kasuwar garinsu, kuma ka sani da damina manomi ba zai bar gona saboda raunin da ba ya damunsa ba.

Kiran waya ma yana da tsari. In ka ce "Baba, ya jiki?" amsar "Alhamdu lillahi, da sauƙi" ce, ko da rigarsa jiƙe take da mugunya. Bayan gaisuwa sai ka bi tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: Akwai ruwan da ke fita? Wane launi, yana wari? Wurin ya buɗe? An yi zazzaɓi? Wani ya wanke ko ya matse wurin? An sayi magani ko an yi allura bayan wanda aka ba ku? Tambaya ta ƙarshe ita ta fi tono gaskiya. In akwai babbar waya a gidan a turo hoto ta WhatsApp, a ɗauka da rana, ba fuska, kuma wannan ya kasance cikin takardar yarda. Ja ba ya fitowa sosai a baƙar fata, balle a hoto, don haka kumburi da ruwa da buɗewa za ka dogara da su. Ruwa mai yawa mai launin ruwan hoda daga raunin tsakiyar ciki wajen ƙarshen makon farko ba na rubutawa a fom ba ne: alama ce ɗinkin ciki na shirin ɓallewa, a ce su taho yanzu. Kira sau uku a ranaku daban kafin ka rubuta cewa an rasa mutum, kuma a rubuta "an rasa", ba "babu harbuwa" ba.

In za a kai mugunya ɗakin gwaji, a zuƙo da sirinji ya fi a shafo da auduga, kuma ta isa cikin awa biyu. Shafa saman fata ƙwayoyin fata kawai zai ba ka.

Masu son haɗawa da gwajin warkewar ɗinkin hanji a ɓera, wannan izini ne daban daga kwamitin kula da dabbobi, kuma a nemi abokin aiki daga Tsangayar Likitan Dabbobi a Samaru. Ɓera ba ya amai, ba ya bukatar dogon azumi kafin aiki, ba shi da madaciya, kuma sanyi ke fara kashe shi a kan tebur, sai an shimfiɗa masa abin ɗumi. Ɗinkin hanji ya fi rashin ƙarfi wajen kwana na 3 zuwa na 4, shi ya sa ake auna ƙarfinsa a nan da kuma kwana na 7.

Shigar da bayanai a kwamfuta kowane mako, da lamba maimakon suna. Manhajar lissafi ta Epi Info kyauta ce kuma ta wadatar. Kwanakin zaman asibiti a ba da adadin tsakiya, wato wanda ya faɗo tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, don mutum ɗaya da ya yi wata biyu zai ja matsakaici sama. Wajen kwatanta rukuni da rukuni, in adadin da ake tsammani a wani gida na jadawalin sakamako bai kai 5 ba, gwajin lissafi na Fisher za a yi. Kada ka zuba dalilai goma a lissafi guda alhali harbuwa 30 gare ka. Kimanin harbuwa goma ake so ga kowane dalili. A shafin farko na sakamako ka nuna mutum nawa aka tantance, nawa suka shiga, nawa suka rasu, nawa aka rasa, sannan ka ba da kason sau biyu: in duk waɗanda aka rasa lafiya suke, da in duk sun harbu.