Kurakuran da aka fi yi wajen kafa tashoshin koyon lissafi a aji

Malamai da yawa sun taɓa gwada raba aji gida-gida a darasin lissafi: nan wasu na ƙirga da murafen kwalba, can wasu na saye da sayarwa, wasu kuma na zaune gaban malam, in an jima a yi musaya. Abin da ake kira tashoshin koyo ke nan. Akasari dai sati ɗaya ake yi a watsar, a ce hayaniya ta yi yawa. Ni ma a shekarata ta farko da gwadawa, a aji uku na firamare mai yara sittin da huɗu, sau biyu ina dainawa ina dawowa kafin abin ya zauna.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne rashin sanin dalilin kafa tashoshin. Amfaninsu shi ne malam ya samu ya zauna da yara kaɗan, ya ga hannun kowa yana aiki, alhali sauran ajin na kan wani aikin da ba sai da shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma kowa ya san yadda ajujuwanmu suke cike. A irin wannan aji, yaro yakan shekara yana kwafe daga allo ba wanda ya gane bai iya ba. To idan ka kafa tashoshi sannan ka ƙare darasin kana zagaye, kana raba faɗa kana amsa "Malam, me za mu yi?", ba ka ci ribar komai ba. Tasha ɗaya taka ce, ka zauna a cikinta, bayanka a jikin bango yadda kana ganin ajin duka.

Abin da ya fi tayar da malam daga mazauninsa shi ne ajiye sabon darasi a tashar da babu mai koyarwa. Wannan ya fi kowane kuskure ɓarna, don yaron da aka bari da abin da bai gane ba yakan ƙirƙiro tasa hanyar, ya yi ta maimaita ta har ta zauna masa. Na ga haka da idona. Na ajiye katunan ɗebewa mai aro tun ban koyar da shi sosai ba. Wata yarinya ta ɗauki 42 a ɗebe 17, ta rubuta 35. Ta cire 2 daga 7 ta samu 5, ta cire 1 daga 4 ta samu 3. Kafin in ankara ta yi guda goma a haka, ƙawayenta uku sun bi ta. Sai da muka zauna da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma da kyauro. Ta ajiye dami huɗu da tsinke biyu, na ce ta ba ni bakwai. Ta duba, ta ce ba su kai ba. Ta ɗan yi shiru, sannan da kanta ta kwance dami ɗaya, tsinkaye suka zama goma sha biyu. Ta ba ni bakwai da dami guda, ta ƙirga saura: 25. Irin wannan aikin a tashar malam ake yin sa. Sauran tashoshin na bitar abin da aka riga aka iya ne.

Sai lissafin lokaci, wanda mu masu koyar da lissafi muke yawan mantawa da shi. A ce darasi minti 35 ne, kana son kowane rukuni ya zagaya tashoshi huɗu. Tashi sau uku, kowanne minti uku, tara sun tafi. Shimfiɗa kaya da kwashewa, shida. Saura ashirin, wato minti biyar a kowace tasha, kafin yaro ya fere fensirinsa an ce a tashi. Gyaran shi ne tasha biyu a rana, kusan kwata ɗin awa kowacce, zagayen ya cika a kwana biyu. In ajin cike yake da dogayen bencina, babu hanyar wucewa, bar yaran a inda suke, kayan su yi tafiyar. Kowace tasha a zuba kayanta a roba ko kwali ɗaya, yaro guda ya ɗauka ya miƙa gaba.

Kada kuma a fara da huɗun a rana ɗaya. Satin farko a koyar da tsarin kansa: wace alama ce ta tashi, wa ke ɗauko kaya, wa ke mayarwa, wa za ka tambaya kafin ka zo wurin malam. A gwada da aiki mai sauƙi ƙwarai, har jikinsu ya saba.

Yara sha shida a kan kaya ɗaya ma ba tasha ba ce, kallo ne. Biyu masu kaifin baki za su riƙe kayan, sauran su zuba ido, kuma sau da yawa 'yan mata masu kunya ne ake turawa baya. A kasa kowace tasha huɗu-huɗu, kowane kashi da nasa kayan. Wannan ba ya buƙatar kuɗi. Murafen lemo, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, gwangwanin madara, kwalin sabulu da aka yanka kati-kati, duk yara za su kawo in an ce su kawo. Kowa a ba shi aikinsa: mai jera kaya, mai rubutawa, mai duba amsa, mai mayarwa, gobe a juya.

Wajen raba rukuni, wasu malaman jerin rajista suke bi, wasu kuma su ware "masu ƙoƙari" da "daƙiƙai" tun farkon zango su bar su a haka har ƙarshe. Duka biyun ba su yi ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da tsarin koyar da yaro daidai matakin da yake, kuma an gwada shi a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Tushensa ɗan gwaji ne na baki, yaro ɗaya bayan ɗaya: yana gane lamba ɗaya zuwa tara? Yana gane mai gida biyu? Ya iya ɗebewa? Ya iya rabawa? A haɗa shi da waɗanda suke matakinsa, bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya motsa ya canza rukuni. Sunayen rukunin kuwa a sa na launi ko na itatuwa, Kuka, Tsamiya, Ɗorawa, Giginya. Yara suna jin zafin suna fiye da yadda muke zato.

Akwai kuma tashar da ta koma wasa zalla. Tashar kanti ce ta fi faɗawa wannan. An yanka takardu an rubuta naira 50, 100, 200 da 500, an jera fankon ashana da ledar omo, yara na ta ciniki ana dariya, amma ka duba littafinsu babu ko layi ɗaya. Sai a sa doka: duk ciniki a rubuta shi. Abin da aka saya, kuɗin da aka bayar, canjin da aka karɓa. Hannu ya taɓa, ido ya gani, sannan a mayar da shi lamba a takarda, in ba haka ba ranar jarrabawa yaron da ya iya ba da canji zai tsaya yana kallon 500 a ɗebe 350 kamar bai taɓa ganinsa ba.

Umarni mai tsawo shi ma yana kashe tasha, musamman in da Turanci aka rubuta shi ga yaran da karatunsu bai nuna ba. Layi biyu da Hausa, da misali ɗaya da aka riga aka warware, sun wadatar. A bayan kowane kati a rubuta amsarsa, yaro ya juya ya duba da kansa. Za a samu masu leƙawa tun kafin su yi, shi ya sa nake cewa a nuna min hanyar da aka bi, kuma mai duba amsa ne kaɗai ke juya katin.

Minti uku na ƙarshe nakan rubuta tambaya ɗaya a allo, kowa ya amsa a 'yar takarda ya miƙa a bakin ƙofa. A lokacin tara nakan kasa takardun uku a kan tebur: waɗanda suka samu, waɗanda suka kusa, da waɗanda suka yi irin 35 ɗin nan. Kashi na ukun su ne ke fara zama a gabana washegari, da tsinkayensu da kyauronsu.