Yadda na gyara bindigar ƙusa da ta cije

Jiya a shagona na Sabon Gari ina haɗa kujeru, bindigar ƙusa mai aiki da iska ta cije. Yarona ya juyo bakinta zai leƙa, gabana ya faɗi. "Kai, ajiye ta! Tiyo yana jone!"

Sai da na cire tiyon, na kwashe sauran ƙusoshin, sannan na buɗe bakin. Ashe wata ƙusa ce ta lanƙwashe, na zaro ta da filaya. Ƙarfin iskar kwamfuresa, wato injin da ke tura wa bindigar iska, ne ya yi ƙasa, ga ruwa ya taru a tanki. Na tsiyaye shi, na ɗiga mai kaɗan ta mashigar iskar bindigar, na mayar da awon kan PSI 90 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Na sa tabarau na gwada a guntun katako, ƙusa ta nutse tsaf.